Arhar jiya, asarar wa ce?

A Zongon Lome akwai wata magana da ta kusa zama gaisuwa a bakin dattawan da suka tsufa cikin cinikin tsofaffin kaya: yara sun ɓata kasuwa. Ko mai tsakiya da murjani ka tambaya, ko wanda ke kwana da tashi a bakin tashar jirgin ruwa yana jiran a fasa kwantenar gwanjo, amsar ba ta canzawa. Wai a da mutum kan fita da jaka goma ta sefa ya dawo da abin da zai ci ribarsa wata guda. Yau kuwa duk ɗan zemijan, wato ɗan acaba, da ya tara 'yan kuɗi ya zama dillali, kowa da waya a tafin hannu, kafin ka buɗe baki ka taya ya ɗauki hoton kayan ya ga nawa ake sayar da irinsa a Jamus. Farashi ya tashi, kunya ta ƙaura, sana'a ta zama ta kowa da kowa.

Masu wannan magana iyayenmu ne, a hannunsu muka ga yadda ake murza dutse da yatsa a faɗi shekarunsa. Ba na musu da su a kan tsadar, wannan kam ko makaho ya shafa ya ji. Inda muka rabu shi ne wuyan da suka rataya wa laifin.

Bari in fara da kayan da ba namu ba, don a kan kayan wani ne ido ya fi faɗin gaskiya. Cikin gwanjon da ke sauka a Lome akwai wanda ake kwasowa daga gidajen tsofaffin Turawa idan sun mutu ko an kai su gidan kula da tsofaffi. 'Ya'ya su kira masu kwashe kaya, a share gida tun daga firji har cokali, wani a cusa shi a kwantena, wani a cikin motocin gwanjo da za su wuce Yamai ko Wagadugu. A irin wannan tarkace, tsakanin dutsen guga da tsohuwar rediyo, wani lokaci akan ci karo da allon darar Turawa, wadda malamai suka sani da shaɗaranji, amma mai ƙwaƙwalwar lantarki a ciki. Na taɓa riƙe ɗaya. Katako ne mai nauyi, gida sittin da huɗu, kowane gida da 'yar fitila ja a kusurwarsa. A gaba akwai aljihu da ake jawowa, cikinsa gurabe uku: ɗaya na madannai, ɗaya na ɗan gilashin da ke nuna lamba, na ukun an toshe shi da murfi. A gindin kowane ɗan wasa akwai maganaɗisu da aka lulluɓe da ƙyalle mai laushi, shi ne allon ke ji da shi. Ka ɗaga doki, fitilar gidansa ta kama. Ka ajiye shi, na'urar ta yi shiru tana lissafi, can sai fitilu biyu su hau ƙyaftawa, tana ce maka ɗauki nan ka kai can. A jikin aljihun an rubuta Mephisto. Wanda ya sauke ta yana neman sayar da ita a matsayin faifan ɗora shayi.

Tarihin waɗannan na'urori gajere ne, shi ya sa ya yi daɗin misali. Ta farko da aka sa a kasuwa ita ce Chess Challenger ta kamfanin Fidelity na Shikago, a 1977. Sidney Samole ne mai kamfanin, Ron Nelson ya rubuta mata manhaja, kuma sai aka juya haruffa da lambobin gefen allon, aka sa wannan a gurbin wancan. Kuskuren da ya ba su kunya a lokacin shi ne yau abin da masu tarawa ke nema ruwa a jallo. A 1980 kamfanin Hegener + Glaser na birnin Munik ya fito da Mephisto. Da suka ɗauki wani Bature ɗan Ingila, Richard Lang, sai suka yi ta lashe gasar duniya ta ƙananan kwamfutoci shekara bayan shekara, suna raɗa wa kowace sabuwar ƙwaƙwalwa sunan garin da aka yi gasar: Amsterdam a 1985, Dallas a 1986, Roma a 1987, Almeria, Portorose, Lyon a 1990. Dubban Mark na Jamus ake sayar da manyansu, kuɗin da ma'aikaci sai ya yi tari kafin ya haɗa. A Hong Kong kuma Novag da Saitek suna tasu, har Novag ta ƙera wata a 1982 mai hannun ƙarfe da ke ɗaukar 'ya'yan wasa da kansa.

Kasuwar ba ta yi tsawon rai ba. Kwamfutar tebur ta shigo gidaje da manhajojin da suka fi ƙarfi kuma suka fi arha. An sayar da Fidelity a 1989, Saitek ta haɗiye Hegener + Glaser a 1994, kuma a watan Mayun 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta kayar da zakaran duniya Garry Kasparov. Yau manhajar Stockfish kyauta ce, wayar da ke aljihun ɗan zemijan ɗin nan za ta cinye kowace Mephisto ba tare da ta yi zafi ba. Ke nan babu mai sayen tsohon allo don ƙarfinsa. Masu saye su ne waɗanda suna yara suka riƙa leƙensa ta gilashin kanti babu kuɗi, yanzu sun yi furfura sun yi albashi. Sai kuma aka shiga 2020, annobar korona ta kulle mutane a gida, Netflix ta saki wasan kwaikwayon The Queen's Gambit a watan Oktoba, jama'a suka yi ca a kan darar, wasu daga ciki suka gangaro har ga tsofaffin na'urori. Tsofaffin masu tarawa a Jamus da Holan da Ingila suka kama ƙorafi, kuma da za a fassara musu abin da ake faɗa a rumfunan Zongo da sun ce a bakinsu aka ɗauka.

To amma a zauna a yi lissafi. Masana'antun da suka ƙera waɗannan alluna sun daina yin irinsu tuntuni. Abin da ke duniya shi ke nan, kuma kullum raguwa yake. Wata an manta batir a cikinta ya zubar da ruwa ya cinye wayoyin. Wata gilashin lambarta ya yi baƙi. Wata an soka mata adaftar da ba tata ba ta ƙone nan take. Ita mai hannun ƙarfen tun tana sabuwa lalacewa take. Ko da ba a sami sabon mai sha'awa ko ɗaya ba, mai aiki a cikinsu dole ta yi tsada, domin masu nema suna nan, abin nema yana ƙarewa. Akwai kuma hujjar da ta fi wannan kaifi. Da sababbin shiga ne ke tura farashi, da abin da suke saye ne zai fara tashi. Sabon shiga kuwa da na roba yake farawa, irin waɗanda aka yi rututu a Hong Kong, kuma har gobe waɗannan ba su wuce kuɗin abincin rana ba a Turai. Waɗanda suka yi tashin gwauron zabo su ne irin su Tasc R30 ta 1993 da manyan allunan katako, kuma masu kokawa a kansu tsofaffin hannu ne, waɗanda suka san abin da suke nema kuma suke da abin biya. Su ke taya wa juna, su koma gefe su ce baƙi sun ɓata wuri.

Mu dawo gida. Abin da ya yi daidai da wannan a wurinmu shi ne duwatsun ado. Tun ƙarshen ƙarni na 15 ake narka gilashi a tsibirin Murano na Venis ana yin dutsen nan mai zanen tauraro a baki, shuɗi da fari da ja, hawa-hawa. Daga baya aka ƙaro masu zanen furanni, aka ƙaro na Bohemiya da ke ƙasar Cek ta yau, jiragen fatake suka yi ta zubo su a gaɓar nan tamu ɗaruruwan shekaru ana musayarsu da zinariya da manja da hauren giwa, har da bayin Allah. Suka shiga wuyan sarakuna da kayan auren mata, suka kwanta a tukwane da akwatuna daga Krobo har Bida. A ƙarshen shekarun 1960 da cikin na 1970 sai samarin Amurka da Turai suka haukace da son su. Su wa suka bi ƙauyuka suka kwaso? 'Yan kolinmu ne, Hausawa da Sarakolawa. Dattawan da kansu suke ba mu labari suna dariya: ka isa ƙauye da kwanonin samira da turmin atamfa da sababbin duwatsun roba masu ƙyalli, tsohuwa ta shiga ɗaka ta fito maka da igiyar da ta gada wurin kakarta, ku yi musaya kowa yana murna, ka kawo Lome ko Abijan Bature ya biya ka ninkin ba ninki.

Nan ne nake roƙon iyayenmu su yi mini haƙuri. A wancan zamani su ne sababbin shiga. Kuma arhar da suke kuka a kanta yau, daga aljihun wani ta fito. Tsohuwar nan ba ta san abin da ke hannunta ba, ba ta san akwai Bature a bakin teku da zai biya kuɗin saniya a kansa ba. Haka magajin Bajamushen da ya bari aka jefa allon ubansa cikin kwantena. Ban ce kowa ya ci haram ba, ciniki ne aka yi da yardar juna, kuma wanda ya taka ƙasa ya sha rana ya kwana a tasha yana da hakkin wahalarsa. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji babin ciniki a Muwaɗɗa ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari ayari a hanya a saye kayansa kafin ya iso kasuwa, kuma a ruwayar Muslim an ba mai kayan zaɓin warware cinikin idan ya iso ya ga farashi. Malamai suka ce hikimar ita ce kada a ci ribar rashin sanin mutum. Wayar da ake tsinewa, abin da ta yi shi ne ta kai kasuwa har ƙofar ɗakin mai kaya. Jikar waccan tsohuwa yanzu tana iya tura hoto ga ɗan'uwanta a Akara ko Brussels ta Beljiyam kafin ta sallama. Ribarmu ta ragu, gaskiya ne. Ina ta tafi? Wani kaso nata ya koma hannun masu kayan.

Akwai kuma abin da ba ruwan yaro ko babba a ciki. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake lissafa kuɗinsa da kuɗin waje ya ninka cikin dare ɗaya, kuma a lokacin babu mai wayar hannu a Zongo. Yau yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, shi ya sa ɗan kasuwar da ya taso daga Kano da naira bayan an saki darajarta a 2023 yake ganin komai na Lome ya yi wuta, alhali kuɗinsa ne suka yi sanyi. Ga kuɗin fito, ga na kwantena, ga hayar rumfa da ta tashi tun bayan gobarar babbar kasuwa a Janairun 2013. Su kuwa tukwanen ƙauye sun daɗe da ƙarewa. An shekara hamsin ana kwasa ba a zubawa.

Kada a ce na wanke yaran tas. Suna da nasu, kuma na gani da idona. Wata rana a wata rumfa wani saurayi ya kawo wa wani dattijo igiyar duwatsu masu tauraro, ya miƙa masa waya.

"Baba, duba nan. Irinta ce sak, ga kuɗin da aka sa mata."

Dattijon bai ko kalli wayar ba. Ya zare dutse ɗaya, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya leƙa ramin, ya goga shi a haƙori.

"Ɗana, wanda ya sa wannan kuɗin, an saya?"

"Ai ga shi a rubuce, Baba."

"Na ji a rubuce yake. Na ce an saya? Ni ma in na ga dama sai in ce hular nan tawa miliyan ce. Sa'annan wannan naka bai kai shekarun autana ba. Dubi bakin ramin, kaifi gare shi. Dutsen da ya shekara ɗari a wuya, zare ya cinye bakinsa ya yi sulɓi. Wannan da injin aka goge shi, aka turbuɗa shi a ƙasa."

Saurayin ya tattara kayansa ya fita yana gunaguni, ga alama shi ma sayar masa aka yi a matsayin tsoho. Laifi biyu ke nan a zama ɗaya. Na farko, rashin bambance kuɗin da mai kaya ya yanka da kuɗin da aka biya. Shafukan gwanjo irin su eBay cike suke da kayan da suka shekara ba a taya ba, yaro ya ga lambar ya riƙe ta kamar aya, kaya su yi kwantai a hannunsa, ya hana kansa ya hana wani. Na biyu, jabu. Ana yin sababbin duwatsu a Indiya da Sin da Indonesiya da kamannin na Venis, kuma wanda bai goge ba ba zai rarrabe ba. A gwanjon intanet kuma akwai masu sa abokansu su yi ta ƙara tayi ba da niyyar saye ba, abin da shari'a ta kira najashi ta kuma haramta a wuri ɗaya da tarar ayari. Wannan kam ɓata kasuwa ne na gaske.

Sai dai jabu ya girmi waya. Wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da dillalan kayan gargajiya a Abijan, da yawansu Hausawa, a ƙarshen shekarun 1980, ya fitar da littafinsa African Art in Transit a 1994, kuma a ciki ya bayyana dabarun da ake bi a tsufar da sabon sassaƙe don ya yi kama da wanda ya daɗe a ɗakin tsafi. Waɗanda suka ƙware a wannan aiki a lokacin, yau su ne masu carbi a bakin rumfa. Wannan a bar shi a nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce daga Zongo wannan kuka ke fitowa. Unguwar nan da baƙo aka gina ta. Kakanninmu fatake ne da suka gangaro ta hanyar goro, wasu bayan yaƙin Salaga na 1892 ya watsa su, suka sauka a gefen garin da Jamusawa suka mayar hedikwata a 1897. Michel Agier, Bafaranshen da ya yi bincike a cikinmu ya wallafa littafi a 1983, abin da ya gano a tsakiyar arzikin unguwar shi ne maigida: mutumin da baƙo zai sauka a gidansa da shanu ko goro, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan bashi ne, ya karɓi la'adarsa. Girman maigida a yawan baƙinsa yake. Ko da gwamnati ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 ta watso mu nan arewa wajen Agwe, da wannan tsari aka sake tashi. Yaran da ake kuka da su yau ba su da maigida. Sun shigo ta taga ne saboda an rufe ƙofa: dattijo yana ganin idan ya koya wa yaro gane dutse ya koya masa cin abincinsa, sai ya yi shiru, yaro ya tafi ya tambayi waya, waya kuwa farashi take nunawa, ba ta nuna bakin rami.

Su Turawan masu allunan dara, waɗanda suka yi wayo a cikinsu sun bi ta wata hanya. Suna shirya gasa a Jamus da Holan inda kowa zai zo da tsohuwar na'urarsa a haɗa su wasa, mai ita yana matsa mata 'ya'ya, matasa suna kallo suna tambaya. Wasu masu sha'awar kuma su ne suka zauna suka kwafe manhajojin da ke cikin tsofaffin ƙwaƙwalen kafin su goge, suka zuba su a rumbun MAME, yadda ko allon ya mutu wasansa yana nan. Har wani kamfani a Munik, Millennium, ya ga akwai masu so ya koma ƙera sababbi da manhajar Richard Lang. Ba don sababbin shiga ba, da ranar da mai tarawa na ƙarshe ya mutu za a kira masu kwashe kaya. Mu ma nan kusa, tun da Tunde Onakoya na Legas ya zauna a dandalin Times Square a Afrilun 2024 ya yi sa'a 60 yana buga darar, yaran da ba su taɓa jin sunanta ba sun fara tambaya, kuma a cikinsu ne mai sayen gobe zai fito.

Ilimin da ke kan dattijon can mai leƙa rami, yau ne ya fi kowane lokaci daraja, saboda jabu ya yi yawa kuma masu kuɗin da ba su sani ba sun yi yawa. Da zai yarda a riƙa kawo masa kaya yana tantancewa yana karɓar la'ada, ko ya ɗauki yara biyu su riƙa ɗaukar hoto suna magana da masu saye na Amurka shi yana zaɓen kaya, da ya ga inda ribar ta koma. Wasu sun fara, ba sa dai son a sani. A ɓangaren kayan lantarki ma haka. Tazarar da ke tsakanin kuɗin mataccen allo da mai aiki babba ce, kuma yaran Dekon masu gyaran waya da ke narka dalma a kan allon wayar da sai da madubin ƙara girma ake ganinsa, na'urar 1985 mai manyan ƙafafu wasa ce a wurinsu. Abin da suke buƙata kawai wani ya gaya musu kada su jona ta da wuta sai sun karanta ƙarfin da aka rubuta a bayanta, su fara cire tsohon batir, kuma kada su yar da kwalin da takardun, don wani lokaci mai saye a kansu yake ƙara kuɗi.